Kwanson Da Na Tsallake

Aubervilliers, ranar Lahadi

Zuwa ga ƴata Balkisa, Uwata ta kaina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ya sa kin sauka Lyon lafiya, ya tsare ki a hanya da masauki da wurin aiki. Mamanki tana gaishe ki, ko da yake a daidai lokacin da nake rubutun nan tana ɗakinki tana cusa miki yaji da kuka da daddawa a jaka, kamar an ce mata babu kasuwa a Vénissieux, unguwar da za ki zauna a gefen Lyon. Zan sa takardar a aljihun jakarki, kuma zan ce kar ki buɗe sai kin isa. In kin ji maganata, to yanzu kina zaune a sabon ɗakinki ne tsakanin kwalaye.

Za ki yi mamakin wasiƙa daga mutumin da kuka kwana gida ɗaya da shi jiya. Ga dalili. Ranar Alhamis kin ce in ci gaba da ɗura miki harsashin gasar harbi kamar yadda na saba, ki riƙa zuwa ƙarshen wata kina ɗauka. Na ce a'a. Kika ce, "Baba, ni fa ban yarda da hannun kowa ba sai naka, même pas le mien." Na sake cewa a'a, kika tashi kika bar shayinki a kan tebur. Tun daga ranar gaisuwarki ta gajarce, kina ba ni "ina kwana" kamar mai biyan tara.

Maganar nan taki, cewa ko hannunki ba ki yarda da shi ba sai nawa, ita ta hana ni sukuni. Akwai abin da ba ki sani ba game da hannun nan, kuma bakina ya kasa faɗa miki ido da ido. A nan zan faɗa. Mai yiwuwa in kin gama karantawa yardar ta tafi, kuma wallahi babu abin da nake tsoron rasawa kamarta. Sai dai ki yi haƙuri in bi ta doguwar hanya. Kin san mu mutanen Damagaram, ba mu shiga magana ta ƙofar gaba.

Kafin komai ki sani ina alfahari da ke, alfaharin da har nauyinsa nake ji a ƙirji. Injiniya ce ke, masana'anta ce ta neme ki da kanta, ba kawu ba ɗan'uwa. A fagen harbi kuma, wannan wasa namu na gudu tsakanin shingaye ana harbin kwali da farantin ƙarfe agogo na ƙirga, kin kai inda ban taɓa leƙawa ba. Ranar da kika fara wuce ni a maki na ɗaure fuska na ce iska ce ta dame ni, alhali a cikin rufaffen zaure muke. Da na fita wajen ajiye motoci sai na buga wa kawunki waya a Damagaram, na ce masa tattaɓa-kunnen maharbi ta kayar da ubanta. Kakana da bindigarsa ta ɗuri yake ciyar da gida, kuma na tabbata da ya gan ki da ɗankwali da tabarau kina kwantar da faranti shida kafin mutum ya gama atishawa, da ya cire hularsa ya ba ki.

Kuskurena na farko a wasan nan na ido ne. Lokacin da wani abokin aikina ya fara kai ni kulob ɗin harbi, ke kina goye. Na yi watannin da doka ta ce, na samu takardar izini daga hukuma, sai na tafi kanti da zuciyar mai sayayyar Sallah. Na zaɓi bindigar da ta fi kowace ƙyalli, da ɗamara mai aljihun gidan harsashi har biyar, da kube irin na zakaru wanda da ƙyar yake riƙe bindigar don a zare ta da sauri, da wata riga mai rubuce-rubuce gaba da baya. Da na sa su a falo mamanki ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "To, Malam, a wace unguwa za a yi yaƙin?"

A gasata ta farko aka haɗa ni rukuni ɗaya da Madam Colette. Ke kin san ta ne a matsayin alƙaliyar wasa mai furfura wadda kowa ke shakka. A lokacin tana harbi, da wata tsohuwar bindiga da fentinta ya koɗe da ɗamarar fata da ta yi laushi kamar igiyar guga. Na dube ta har na ji tausayinta. Da agogo ya yi ƙara na ruga kamar an koro ni, gidan harsashi ɗaya ya fice daga ɗamarar ya faɗi ƙasa saboda ban taɓa gwada ta ina gudu ba, na bar kwali biyu ko taɓa su ban yi ba. Ita kuwa kamar mai zuwa awo kasuwa, ba ta gudu ba ta tsayawa, kuma kowane harbi a tsakiya. Da aka gama ta kama hannun rigata da yatsa biyu ta ce da Faransanci, "Rigar nan tana da kyau. Ita ma ta iya harbi?" Ban sake sa rigar ba, mamanki ta mai da ita tsumman goge taga.

Saboda haka, Uwata, in kin shiga kulob ɗin Lyon za ki ga kaya masu ɗaukar ido, kuma za a samu mai ce miki taki ta tsufa. Ki yi masa murmushi ki wuce. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Bindigarki ta san tafinki, ke ma kin san inda kunamarta take sakewa, wannan ba a sayensa a kanti. Kube kuwa ki riƙe wanda ke rufe kunama ruf, wanda ko tsalle kika yi ba zai saki ba. Duk sabon abu, ko takalmi ne, kar ya ga gasa sai ya yi wata guda yana atisaye tare da ke. Gidan harsashin da ya faɗi cikin yashi a kwance shi a goge kafin ya koma ɗamara. Inda ban yarda ki yi rowa ba shi ne tabarau da abin toshe kunne. Ni na yi wasa da na kunne a shekarun farko, ga shi yanzu kunnena na hagu yana kiɗansa shi kaɗai, ko da yake mamanki ta ce zaɓen abin da zai ji yake yi.

Kuskure na biyu na atisaye ne, kuma ya ci mini shekaru. Na ɗauka yawan ƙara shi ne ƙwarewa. Kowace Asabar in je in ƙone akwati bayan akwati, in dawo gida ba abin da na ƙaru da shi sai warin albarushi a riga. Makina yana nan inda yake kamar an kafa masa turke. Wata rana Madam Colette ta tsaya bayana ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Isuhu, me ka zo koya yau?" Na ce harbi na zo yi kamar kullum. Ta ce to na zo yin hayaniya ke nan, kuma maƙwabta sun gode.

Daga ranar na fara zuwa da abu ɗaya tak a raina. Yau zarewa daga kube, mako mai zuwa canja gidan harsashi ina tafiya, na gaba shiga lungu da fita. Na sayi ɗan littafi ina rubuta abin da agogo ya ce, don zuciya maƙaryaciya ce, kullum ce maka take ka yi sauri. Na kuma gane cewa rabin aikin a gida ake yinsa ba tare da harbi ko ɗaya ba: harsashi a kulle a wani ɗaki, a duba bindiga sau biyu a tabbata babu komai cikinta, sannan kwata ɗaya na awa kowace safiya ana zarewa ana ɗora ido kan saiti. Ƴan takardun nan da kika taso kina gani manne a bangon baranda, waɗanda kike cewa idanun aljanu ne, aikinsu ke nan. Kar ki bar wannan a Lyon don aiki ya yi yawa. Kwata ɗaya kullum ya fi wuni guda a ƙarshen wata, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

A ranar gasa, in an ba ku lokacin zagaya fage, ki tsara hanyarki, ki rufe ido ki bi ta a zuci har ta zauna. In ta zauna kar ki canja ta don kin ga wani gwani ya bi ta hagu. Na taɓa yin haka ana saura mutum ɗaya a kira ni, ƙafata ta bi tsohuwar hanya, kaina ya bi sabuwa, na tsaya a tsakiya ina waige-waige. A nan kin fi ni natsuwa nesa ba kusa ba. Aibinki ɗaya ne, kuma a wurina kika gaje shi: in kin yi kuskure a fage ɗaya sai ki ɗauki fushin ki kai shi fage na gaba. Ki sha ruwa, ki yi istigfari, ki bar shi inda ya faɗi.

Na uku na baki ne, har yau in na tuna sai in ji kunya. Na ci wani ɗan kofi a gasar kulob, kofin da bai fi na shan shayi ba, sai na ɗauke shi na tafi da shi wurin aski a Château Rouge, unguwar da mutanenmu ke taruwa a Paris. Na ba da labari, na ƙara gishiri. Kafin Juma'a ta zagayo sunana ya koma Isuhu Soja, kuma a bakin mutane kofin ya zama na ƙasa baki ɗaya. Ina jin daɗi ina washe baki. Sai wata rana a bakin tashar jirgin metro wani mutum da ban taɓa gani ba ya gaishe ni da sunana, ya matso ya rage murya ya ce, "Malam, an ce kai ka san hanyar kaya. Ko za ka samo mini ɗaya?" Na ce masa an yi masa ƙarya, ni ma'aikacin ɗakin awo ne, sikeli nake gyarawa. Na yi makonni ina canja hanyar komawa gida, ina tunaninki ke da mamanki a bene na huɗu. Baki shi ke yanka wuya, ni na kusa miƙa nawa da kaina.

Don haka a Vénissieux jakarki jakar wasanni ce, iyakar abin da maƙwabta za su sani ke nan. A gida bindiga tana cikin akwatin ƙarfe, makulli a jikinki. A hanya tana kulle babu komai cikinta, harsashi a wani wuri daban, takardunki duka a hannu. Daga gida sai kulob, daga kulob sai gida, ba tsayawa sayen tumatir. Makon farko ki sanar da hukuma sabon adireshinki, kar ki ce sai kin huta. Ni da ke mun san irin kallon da ake yi wa mai fatarmu da ɗankwali a ka, balle a ce ga abin da ke jakarta. Ba adalci ba ne, amma amsarki ita ce takardu cikakku da fuska a sake. In kuma wani ɗan mutane ya fara zarya, ki bari sai magabatansa sun zo sannan ki gaya masa abin da kike yi ranar Asabar, mu ga ko zai dawo.

To, Uwata, kewaye-kewaye ya ƙare. Ga maganar.

Kin tuna gasar da muka je bayan garin Lyon shekara huɗu da suka wuce, babbar gasarki ta farko. Kina kan gaba a rukunin mata har fage na bakwai, ni kuma ina bayan igiya ina kumbura kamar ni ke harbin. A fage na takwas kika danna kunama, maimakon ƙara sai wani ɗan "tuf" ya fito, kamar an buɗe kwalbar lemo. Bindiga ta tsaya. Hannunki ya yi abin da na shekara ina koya masa, wato in ta ƙi tashi a buga gindin gidan harsashi a ja samanta a ci gaba ba tunani. Kika buga, kika ja, sabon harsashi ya shiga, yatsanki ya nufi kunama. Madam Colette ce alƙaliya a bayanki. Ta daka tsawa, "Stop!" har mutanen fagen da ke kusa suka waiwayo. Kika daskare. Aka sauke bindigar aka zura sanda a bututunta, sanda ta ƙi wucewa. Kan harsashi ne ya maƙale a ciki. Da kin danna, na biyu zai tarar da na farko a hanya, kuma ƙarfe in zai fashe a tafin mai riƙe da shi yake fashewa.

Fagen ya tafi, matsayinki ya tafi da shi. Kika zauna a benci kika ce, "Baba, me ya faru? C'est moi? Ni na yi wani abu?" Na ce, "Ba ke ba ce. Amors ɗin ne, ƴar hular nan ta gindin kwanso mai tada wuta. Wani lokaci kamfani yakan fitar da marar kyau." Kika share fuska da bakin ɗankwali kika ce, "Alhamdu lillahi da kai ke ɗura mini, da abin ya fi haka."

Ƙarya na yi miki. Amors ɗin ya yi aikinsa, shi kaɗai ma ya tura kan harsashin har tsakiyar bututu. Abin da babu a cikin kwanson nan shi ne albarushi. Kuma tun ina tsaye a bayan igiya na san ranar da abin ya faru, har layin na sani.

Asabar ce bayan la'asar, saura mako biyu gasar. Ina ƙaramin ɗaki ina ɗura miki. Kin san yadda nake yi: in jera kwanso a tire mai ramuka hamsin, in zuba wa kowanne albarushinsa ɗaya bayan ɗaya, sannan in haska tocila in bi su layi-layi in ga kowa ya samu, kafin in ɗora musu kai. Dokata ce, ni na kafa ta, ni na koya miki ita. Ina tsakiyar layi na uku sai na ji sallama. Alhaji Laminu ne, mai kantin atamfa a Château Rouge, mutumin da ya sauke ni a ɗakinsa lokacin da na zo Paris da jaka ɗaya ban san kowa ba. Ya hau bene huɗu da ƙafarsa mai ciwo don ya kawo mana goron auren ƴarsa da hannunsa. Mamanki ta yi masa iso, kafin in ankara yana bakin ƙofa.

"Salamu alaikum, Malam Isuhu! Ina wuni? Ina gajiya? Ina iyali? Yaya sanyi? Kai, mi kake yi haka kamar mai haɗa magani?"

Na miƙe zumbur da ma'auni a hannu, na rusuna. "Lafiya lau, Alhaji, sannu da zuwa. Ina ƙafa? Ai da ka aiko na zo." Gaisuwa ta tafi Maraɗi ta dawo, ta leƙa Damagaram, ta tambayi masu rai ta yi wa matattu addu'a. Na ce mu koma falo, sai ya ja kujera ya ce, "A'a, kar in tsai da kai. Ida aikinka, ni in zamna nan in ga ikon Allah."

Na zauna. Idona ya sauka inda nake zaton na tsaya, na ci gaba daga nan. Bakina yana amsa masa, hannuna yana zubawa. Da na kai ƙarshen tire tocila tana nan gefen hannuna, na dube ta. Sai na ji nauyin in bar dattijo kamarsa zaune ina leƙen ramuka hamsin ɗaya-ɗaya kamar zuwansa bai dame ni ba, ga shayi mamanki ta kawo yana hucewa. Na ce a raina, shekara nawa ina aikin nan ban taɓa tsallake ko ɗaya ba. Na ɗora kawunan, na zuba a akwati, na rubuta sunanki a murfi. Alhaji ba shi da laifin komai, bai san an yi ba har yau, kuma ina roƙonki kar ya sani.

A ranar gasar, muna loda kaya a mota kina can kina sallama da ƙawayenki, Madam Colette ta zo ta tsaya kusa da ni. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Isuhu, ni da kai mun san abin da babu a cikin kwanson nan. Ba ni zan gaya mata ba. Kai ne ubanta." Na ce zan gaya miki. Washegari da hantsi muka kamo hanyar Paris, kika yi barci, hannunki na dama a kan cinyarki. Ina tuƙi ina satar kallonsa ina ƙirga yatsun. In na kai biyar sai in sake farawa. Ban san sau nawa na ƙirga ba kafin mu iso Aubervilliers, kuma a duk tsawon hanyar ban buɗe baki ba.

Na gaya wa kaina na yi shiru ne don kar ki tsorata ki bar wasan. Wannan ma ƙarya ce. Gaskiyar ita ce ina jin daɗin zama mutumin da kika yarda da hannunsa, kuma na ji tsoron faɗuwa a idonki. Tun daga ranar nake kulle ƙofa in zan yi ɗuri, ina haska tocila sau biyu, ina zaton gyaran aiki ya isa ya biya. Bai isa ba, don shiruna ya bar ki da karatun da ba daidai ba. Kin canja kamfanin amors, kin ƙara riƙe hannuna, kuma har yau ba wanda ya zaunar da ke ya ce miki saurin da ubanki ya koya miki ne ya kusa cin tafinki. Mamanki ma sai jiya na gaya mata. Ta dube ni ta ce, "Shekara huɗu, Malam? Kana kallonmu muna ci muna sha? To tunda bakinka ya mutu, ɗauki biro ka rubuta mata."

Ga abin da ya kamata in gaya miki a kan bencin nan. Duk ranar da kika ji ƙarar da ba ki saba ji ba, ko kika ji bugun bindiga ya yi laushi a hannunki, ki cire yatsa ki tsaya cak. Kar ki jira alƙali, ba kullum za a samu mai kunnen Madam Colette a bayanki ba. Ki bar fagen ya tafi, ki bar kofin ya tafi. Ana yin wata gasar kowane wata.

In za ki yi ɗuri kuma, ki rufe ƙofa, ki kashe waya, gwangwanin albarushi ɗaya tak a kan tebur. Ki bi ma'aunin da masu yinsa suka rubuta a littafinsu, kar ki rage don bindiga ta yi miki laushi, kar ki ƙara don wani ya ce haka zakaru ke yi. Ranar da kika gaji ko ranki a ɓace, ki sayi na kanti, ba abin kunya ba ne. Baƙi kuwa za su zo, na san mutanenmu. Da zarar an ji ƴar Malam Isuhu ta sauka, matan Nijar da na Cadi da na Kamaru za su yi ta hawa benenki da kwanon abinci, kuma haka ya kamata. Ban ce ki ƙi amsa sallama ba, ban haife ki don ki bar babba tsaye a ƙofa ba. Ki amsa, ki tashi, ki rusuna, ki kawo ruwa. Amma tiren da kika tashi kika bari a tsakiya ya mutu. In baƙo ya tafi ki juye shi duka ki fara daga ramin farko. Da na san wannan ƴar dabara ranar nan, da na girmama Alhaji ban kuma sa ki a bakin halaka ba.

Ban ce hannunki ba zai taɓa kuskure ba. Zai yi, na ɗan Adam ne. Bambancin shi ne naki idon yana wurin, zai bi bayansa ya duba. Abin da za ki danna a cikin tafinki, ya zama idonki ya ga cikinsa kafin a rufe shi. Kuma na san kin isa. Watan jiya da kika zauna kusa da ni kina gwada ɗuri, na fara ba ki labarin wani abu, ba ki ko ɗago kai ba kika ce, "Baba, shiru, ina ƙirga." Kika gama, kika haska tocila, kika sake haskawa daga ɗaya gefen. Na fita baranda don kar ki ga idona. Ƴar da ta iya ce wa ubanta shiru a gaban tire ta fi ubanta, kuma ban taɓa jin daɗin an rufe mini baki kamar ranar ba.

Kwalin nan mai nauyi da ke bayan motarki, wanda mamanki ta rubuta wa "tukwane", ba tukwane ba ne. Injin ɗurin ne da sikeli da tire da tocila. Naki ne yanzu.

Gasarki ta farko da sunan kulob ɗin Lyon watan gobe ce. Ina so in zo in tsaya bayan igiya cikin ƴan kallo, hannuna babu komai, in ga kin harba abin da kika ɗura da kanki. In kin ce kar in zo tukuna, ba zan zo ba, kuma ba zan ga laifinki ba. Abu ɗaya nake roƙo, kuma ban taɓa roƙon ɗa ko ƴa irinsa ba: ki yafe mini. Na tsallake kwanso ɗaya, sannan na yi shekara huɗu ina tsallake gaskiya, na biyun ya fi na farkon muni. Ba sai kin amsa yau ba. Wayata tana kunne.

Allah ya yi miki albarka, ya sa ki gama da duniya lafiya. Ya ba ki maƙwabta na gari da shugabannin aiki masu adalci, ya kare ki daga sharrin mutum da na ƙarfe, ya daidaita idonki da hannunki. Ko kin ci kofi ko ba ki ci ba, Allah ya dawo mini da ke gida da yatsunki goma.

Wassalam.

Mahaifinki,
Isuhu